Ba Duk Abin Da Ya Kashe Ƙwayar Daji A Faranti Ne Magani Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka, ka kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar, domin maganar ta daɗe tana cin raina.

Lokaci-lokaci jaridu, har da taku, sukan ɗauko labarin cewa masu bincike sun gano wani sinadari, na tsiro ko na haɗin hannu, wanda ya hallaka ƙwayoyin ciwon daji a ɗakin gwaje-gwaje. Ban zo ƙaryata irin waɗannan masu bincike ba. Na yarda ƙwayoyin sun mutu. Abin da labarin ba ya faɗa shi ne a wane hali ƙwayoyin suke lokacin da suka mutu, kuma a nan gizo ke saƙa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina renon ƙwayoyin daji a ɗakin gwaje-gwaje, shida daga ciki ina renon su a dunƙule, ba a shimfiɗe ba, kuma ina so masu karatu su ga abin da nake gani.

Yadda aka saba yi shi ne a zuba ƙwayoyin a kwalbar roba ko faranti mai shafaffen gindi, a rufe su da ruwan reno mai launin ja-ja, a saka a akwatin ɗumi wanda zafinsa yake digiri 37 kamar jikin mutum, da iskar kabon dayoksaid kashi 5 cikin 100. Kafin gari ya waye sun manne a gindin robar sun baje. Bayan kwana biyu ko uku ruwan zai fara komawa rawaya, alamar sun cinye abin da ke ciki sun fitar da tsami, sai a canza musu. A madubin hangen ƙananan halittu za ka gan su jere a shimfiɗa ɗaya, kowace ƙwaya tana fuskantar ruwan kai-tsaye. Kowace tana samun abinci daidai da 'yar'uwarta, iska daidai, kuma idan ka ɗiga magani, kowace za ta sha kasonta a lokaci guda. Kashe ƙwayoyi a wannan hali ba wuya. Gishiri idan ya yi yawa yana kashe su. Bilic yana kashe su, da shi ma muke kashe su idan mun gama aiki kafin mu zubar.

Kada a ɗauka raina wannan hanya nake yi. Tun 1951, lokacin da George Gey na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka ya yi nasarar raya ƙwayoyin da aka ɗebo daga dajin bakin mahaifar wata mata, Henrietta Lacks, duniya take cin moriyar su. Ƙwayoyin nata, waɗanda ake kira HeLa, da su aka yi gwaje-gwajen rigakafin shan-inna a shekarun 1950, kuma har gobe suna raye a ɗakunan bincike a ko'ina. Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Amurka ta yi shekaru tana tace dubban sinadarai a kan nau'i 60 na ƙwayoyin daji da aka shimfiɗa a faranti. Hanya ce mai sauri mai sauƙi, kuma da ita kowa yake farawa, har da ni. Matsalar ita ce a ɗauki matakin farko a sayar wa jama'a a matsayin na ƙarshe.

Ƙari a jikin mutum ba shimfiɗa ba ne. Dunƙule ne, ƙwayoyi kan ƙwayoyi, a cakuɗe da zaruruwan nama da hanyoyin jini masu karkace-karkace. Tun 1955 wasu masana biyu a Ingila, Thomlinson da Gray, suka duba yankakken ƙarin huhu suka lura cewa ƙwayoyin da ke kusa da hanyar jini suna raye, waɗanda suka yi nisa kuwa sun mutu. Iskar oksijin ba ta iya ratsa nama fiye da maikiromita 100 zuwa 200 daga hanyar jini, wato kaurin silin gashi biyu ko uku. A tsakanin rayayyu da matattu akwai wasu da ke zaune cikin ƙarancin iska, ba su mutu ba, ba sa kuma hayayyafa, sun yi lamo. Waɗannan su ne masu taurin kan. Yawancin magungunan kemo, wato magungunan da ake ba masu daji don kashe ƙwayoyin cutar, ƙwayar da ke rabuwa suke farauta, wadda ta yi lamo kuwa sai su wuce ta. Gashin da ake yi wa masu daji da haske shi ma yana buƙatar oksijin kafin ya yi ɓarna sosai, har ƙwayar da ba ta da iska takan jure kusan ninki uku na abin da zai kashe mai iska. A faranti mai shimfiɗa ɗaya babu irin waɗannan ƙwayoyi ko ɗaya. Ka gwada maganinka a kan masu sauƙin, ka bar masu wuyar ba ka ko gan su ba.

Sakamakon haka a fili yake. Wani nazari da masana na jami'ar MIT suka wallafa a 2019, bayan sun bi diddigin gwaje-gwajen magunguna daga 2000 zuwa 2015, ya nuna cewa kashi 3.4 cikin 100 kacal na magungunan daji da suka fara shiga gwaji a kan mutane ne suka kai ga samun amincewa. Waɗannan fa magunguna ne da suka riga suka ci jarrabawar faranti, suka ci ta ɓeraye. Ba zan ɗora wa faranti laifin duka ba, amma yana da kaso mai tsoka. Kuma wannan a duniyar da, bisa ƙiyasin hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum wajen miliyan 20 suka kamu da cutar a 2022, miliyan 9.7 suka rasu.

Bari in faɗi yadda muke dunƙule su, domin abin ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Dabarar ita ce a hana ƙwayoyin wurin mannewa. Idan ba su samu roba sun kama ba, junansu za su kama. Akwai tsohuwar hanya: ka ɗiɗɗiga ruwan reno mai ɗauke da ƙwayoyi a cikin murfin faranti, sannan ka kife murfin a hankali, ɗigon ya zauna yana reto. Ƙwayoyin za su gangaro ƙasan ɗigon su haɗu. Da ɗigo mai reto Ross Harrison ya raya jijiyar kwaɗo a 1907, farkon renon nama a wajen jiki. Ranar da na fara kife murfin nan numfashina na riƙe, domin hannu ya ɗan karkace kaɗan ɗigo ashirin za su gangara su haɗe, aikin yini ya tafi. Yanzu mun fi amfani da faranti mai ramuka 96, kowane rami gindinsa a zagaye, an shafe shi da abin da ke hana mannewa. Masana suna kiran abin da ke fitowa sifiroyid. Ni curi nake ce masa. Robert Sutherland da abokan aikinsa a Kanada ne suka fito da shi fili a 1971 a matsayin kwatankwacin ƙari, don nazarin yadda haske ke kashe daji, ka ga ba sabon abu ba ne, jan ƙafa aka yi wajen rungumar sa.

A rana ta farko, idan ka leƙa ramin, ƙwayoyi dubu biyu ko uku ne a warwatse kamar yashi. Rana ta biyu sun fara matsowa. Zuwa ta uku ko ta huɗu sun zama ƙwallo guda mai santsin gefe, wanda da ido za ka hango shi kamar ɗigon farar ƙura a gindin ramin. Wasu nau'in ba sa yarda su dunƙule da kyau, sai su yi tsibi sako-sako wanda ke wargajewa da ka taɓa farantin, kuma kowane nau'i sai ka koyi halinsa. Abin da har yau ban daina mamakinsa ba yana faruwa ne wajen kwana bakwai zuwa goma, idan curin ya kusa rabin milimita. Tsakiyarsa takan fara duhu. Ba wanda ya sa masa komai. Iska ce ta kasa kaiwa ciki, na tsakiya suka mutu, na bayansu suka yi lamo, na waje suna ta hayayyafa. Abin da Thomlinson da Gray suka gani a huhun mutum, ga shi ya gina kansa a ramin roba a gabana.

Akwai wani magani na kemo, doksorubisin, ja ne wur, kuma yana ƙyalli a ƙarƙashin wani irin haske, don haka ana iya ganin inda ya kai. Idan ka zuba shi a kan shimfiɗaɗɗun ƙwayoyi, gaba ɗaya filin zai yi ja. Idan ka zuba wa curi, bayan 'yan sa'o'i zobe za ka gani, ja a gefe, duhu a tsakiya. Na sha nuna wa ɗalibai wannan zoben, kuma ban taɓa buƙatar ƙarin bayani ba bayan sun gan shi.

Na koyi darasin ne da kaina, kuma da zafi. Mun yi wata takwas muna aiki a kan wani sinadari da muka ƙwallafa wa rai. A faranti, ɗan kaɗan ya ishe shi share ƙwayoyin dajin hanji cikin kwana uku. Mun maimaita, mun sake maimaitawa, sakamako ɗaya. Har mun fara rubuta takarda. Sai na gwada shi a kan curi. Na ninka adadin sau goma, curin ya ɗan rame, gefensa ya yi kaushi, matattun ƙwayoyi suka zubo kewaye da shi. Na wanke maganin na zuba sabon ruwan reno na mayar akwati. Bayan mako guda curin ya koma girmansa, gefensa ya yi santsi kamar ba a taɓa shi ba. Na waje ne kawai suka mutu, na ciki da suka yi lamo suka samu iska suka farka. Na daɗe a zaune a gaban madubin a ranar. Amma ko a lokacin na san gara mu ji wannan labari daga ramin roba da mu ji shi daga gadon mara lafiya bayan shekara biyar.

Ba cunkoso kaɗai ne ke canza halin ƙwaya ba, abin da ke kewaye da ita ma yana yi mata magana. Mina Bissell, 'yar asalin Iran da ke bincike a Berkeley, ta shafe shekaru tana faɗin haka ana yi mata kallon mai neman rigima. A 1997 ita da abokan aikinta suka rena ƙwayoyin dajin nono a cikin wani abu mai kauri irin wanda ke kewaye da ƙwayoyi a jiki, suka toshe wani furotin guda da ke fatar ƙwayar, wanda take jin kewayenta da shi. Ƙwayoyin suka daina girman hauka suka jeru kamar na lafiyayyen nono, alhali lalacewar da ke cikin gadonsu na halitta tana nan ba ta gushe ba. Wannan abu mai kauri, wanda aka fi sani da Matrigel, daga wani ƙarin ɓera ake tatso shi. Ruwa ne muddin yana kan ƙanƙara, da ya ji ɗumi sai ya daskare. Don haka komai namu a sanyaye muke aiki da shi, har bakin bututun ɗiba, kuma idan ka tsaya amsa sallama zai iya daskarewa a hannunka.

Babban tsalle ya zo a 2009, lokacin da Toshiro Sato da Hans Clevers a birnin Utrecht na ƙasar Holan suka ɗauki ƙwayar asali, wato wadda sauran ƙwayoyin hanji ke fitowa daga gare ta, daga hanjin ɓera suka rena ta a cikin Matrigel, ta gina ɗan ƙaramin hanji mai lunguna irin na gaske. Shi ake kira oganoyid. Ba a daɗe ba aka fara yin haka da naman mutum, har da ƙarin da aka ciro daga mara lafiya. Ma'ana, za a iya ɗaukar ɗan yanki daga ƙarin mutum, a raya kwafinsa da yawa, a gwada magunguna daban-daban a kansu kafin a ɗura masa ko ɗaya. A 2018 masu bincike a Landan suka kwatanta yadda oganoyid na masu dajin ciki da hanji ya amsa magani da yadda su marasa lafiyar suka amsa. Duk maganin da ya gaza a oganoyid ya gaza a jikin mai shi, wanda kuma ya yi aiki a oganoyid ya yi aiki a jiki kashi 88 cikin 100. Rabin farkon nan ya fi taɓa ni. Duk wanda ya taɓa jinyar mai shan kemo ya san darajar a ce masa wannan maganin kada a wahalar da shi da shi, ba zai yi ba.

Sai dai da sauran rina a kaba, kuma zan yi rashin adalci idan na zargi wasu da zuzutawa sannan na zuzuta nawa. Marasa lafiyar da ke cikin binciken Landan ba su da yawa. Shekara guda bayansa, a 2019, wani bincike a Holan kan masu dajin hanji ya samu cewa oganoyid ya yi hasashe mai kyau game da maganin irinotekan, amma ya kasa game da haɗin da ke ɗauke da oksalifilatin. Curin da ke ramina ba shi da hanyar jini, ba shi da sojojin garkuwar jiki sai in na zuba su da gangan, ba shi da hantar da za ta sarrafa maganin, ba shi da ƙodar da za ta fitar da shi, ba shi da zuciyar da maganin zai iya lahantawa. Ba kowane yankin ƙari ne ke yarda ya rayu ba, kuma wanda ya yarda yakan ɗauki makonni, mara lafiya kuwa wani lokaci ba shi da makonnin. Matrigel na wannan kwalba ba lallai ya zo daidai da na waccan ba. Ramukan gefen faranti sun fi saurin ƙafewa, don haka mukan cika su da ruwa kawai mu haƙura da su. A Disamban 2022 Amurka ta sauya dokarta, ta cire wajabcin gwada kowane sabon magani a kan dabbobi kafin mutane, ta buɗe ƙofa ga irin waɗannan hanyoyi. Na yi murna, amma buɗe ƙofa daban, cancantar shiga daban, kuma nauyin tabbatar da ita a wuyanmu yake.

Akwai kuma maganar naman wa ake renawa. Henrietta Lacks baƙar fata ce, ta rasu a Oktoban 1951 tana da shekara 31, kuma ba wanda ya nemi izininta. Iyalanta sun yi shekaru fiye da ashirin ba su san ƙwayoyinta na raye ba, sai a 2013 aka cimma yarjejeniya da su kan wanda zai iya duba bayanan gadonta. Yau ba na taɓa yankin naman kowa sai na ga takardar amincewarsa. A ɗaya gefen kuma, mafi yawan nau'ukan ƙwayoyin daji da duniya ke gwaji da su daga Turawa da mutanen gabashin Asiya aka samo su, alhali an san wani nau'in dajin nono mai wuyar magani ya fi yawa a matan da asalinsu Afirka ne. Idan aka zo wa mai karatu ko ɗan'uwansa da takarda kafin tiyata ana neman izinin ajiye ɗan yanki don bincike, ina roƙon ya karanta da kyau, ya yi tambaya har ya gamsu, kada tsoro kawai ya sa ya ƙi.

Malam Edita, abin da ya sa na ɗauki biro bai tsaya a ɗakin gwaje-gwaje ba. Yayata tana da dajin nono. Bayan zagaye na uku na kemo gashinta ya zube, ko ruwa ta sha sai ya dawo. A wannan hali wani ya tura mata irin labarin da na ambata a farko, tare da hoton kwalbar da ake sayarwa. Ta tsallake ranar asibiti sau biyu ba ta gaya wa kowa ba. Da dare ta kira ni ta ce, "Ke da kike cikin abin, ki faɗa mini tsakani da Allah. An ce ya kashe kashi casa'in. Me zai sa in ci gaba da shan wannan azaba?"

Na rasa ta inda zan fara. Sai na tura mata hotuna biyu na sinadarin nan namu na wata takwas, ɗaya na farantin da ya share, ɗaya na curin da ya dawo bayan mako guda. Na ce, "Yaya, wannan ma ya kashe fiye da casa'in. Ni na haɗa shi da hannuna, kuma ko kyauta ba zan ba ki ba." Na gaya mata jan maganin da ake ɗura mata, doksorubisin ɗin nan, ya fi shekara arba'in ana ba mutane, an san adadin da ke aiki, an san adadin da ke cutar da zuciya, an san dalilin da ya sa ake ba da shi zagaye-zagaye. Na kwalbar kuwa ko ɓera ɗaya ba a nuna an gwada shi a kai ba. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce in raka ta ranar Litinin. Ta ƙarasa zagayenta, an yi mata aiki, yanzu tana zuwa a duba ta. Makonni shidan da ta rasa har yau ina tuna su, kuma ba kowace mara lafiya ce ke da ƙanwa mai irin waɗannan hotuna a waya ba.

Don haka ga roƙona. Ku ci gaba da kawo labaran bincike, jama'a na buƙatar su. Amma kafin wakilinku ya rubuta kalmar magani a kanun labari, ya tambayi mai binciken: ƙwayoyin a shimfiɗe suke ko a dunƙule? An gwada a kan lafiyayyun ƙwayoyi an ga bai kashe su ba? Da aka janye sinadarin, sun dawo ko ba su dawo ba? Ya kai ga dabba, ya kai ga mutum, mutum nawa? Mai bincike na gaskiya zai ji daɗin tambayoyin, zai amsa cikin minti biyu. Amsar kuma a sa ta a sakin layi na farko, ba can ƙasa inda mai jinya da idonsa ya cika da hawaye ba zai kai ba.

Yanzu haka ina da faranti biyu a akwatin ɗumi, curin yana kwana na shida, tsakiyarsa ba ta fara duhu ba tukuna. Ranar Alhamis zan zuba musu magani. Idan akwai wakilinka da ke rubuta labaran lafiya da yake son ganin jan zoben nan da idonsa, lambata na tare da wannan wasiƙa, zan nema masa izini in ba shi riga da safar hannu ya leƙa.

Na gode. Wassalam.

Taku,
Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwajen ƙwayoyin daji